Ragar Jijiyoyi da Hoton Rada na Ƙananan Abubuwa: Tsakanin Abin da Aka Auna da Abin da Aka Zata

Tsakure

Cikin 'yan shekarun nan ragar jijiyoyi ta kwamfuta, wadda ita ce ƙashin bayan abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira, ta shiga aikin haɗa hoton rada, kuma hotunan da take fitarwa sun fi na da tsabta nesa ba kusa ba. Wannan takarda tana duba abin da hakan ke nufi idan abin da ake nema ƙarami ne, kamar ƙusa a kan titin jirgi, ko guntun ƙarfe a sararin samaniya, ko ɗan jirgi maras matuƙi. Hujjar takardar ita ce raga ba ta ƙara wa rada awon da ba ta yi ba. Abin da take ƙarawa tsammani ne da ta koya daga misalai, kuma ƙaramin abu shi ne farkon wanda wannan tsammani ke iya shafewa ko ƙirƙirowa. Takardar ta bi hanyoyin da ake amfani da raga a wannan fage, ta fifita wadda aka gina a cikin lissafin radar kanta, sannan ta kawo irin gwajin da ya kamata a yi wa kowace raga kafin a miƙa mata amanar rayukan mutane.

1. Gabatarwa

Ranar 25 ga Yuli, 2000, jirgin Concorde na kamfanin Air France ya taka wani siririn ƙarfe a kan titin tashi na filin jirgin Charles de Gaulle da ke Paris. Ƙarfen ya faɗo ne daga wani jirgi da ya tashi mintoci kaɗan kafin nan. Tsawonsa kimanin santimita 43, faɗinsa kusan santimita 3. Taya ta fashe, tankin mai ya huje, wuta ta kama, jirgin ya faɗi a garin Gonesse, mutum 113 suka rasu. Bayan wannan haɗari aka himmatu wajen ƙera na'urorin da za su riƙa sa ido a kan titin jirgi dare da rana. Daga cikinsu akwai radar Tarsier ta kamfanin QinetiQ na Birtaniya, mai aiki a gigahaz 94, wadda aka girka a filin jirgin Vancouver na Kanada, daga baya kuma a Heathrow.

A can sama matsalar ta fi haka tsanani. Hukumar kula da sararin samaniya ta Turai ta ƙiyasta cewa tarkacen da girmansu ke tsakanin santimita 1 zuwa 10 da ke kewaya duniya sun haura miliyan ɗaya, kuma na kusa da ƙasa suna gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa. Harbo tauraron Fengyun-1C da ƙasar Sin ta yi a 2007, da karon da Iridium 33 ya yi da Kosmos 2251 a 2009, sun ƙara dubban guntaye. Ga kuma ƙananan taurarin ɗan'adam irin CubeSat, waɗanda asalin ma'auninsu santimita 10 ne ta kowane gefe.

Me ya sa rada? Kyamara tana buƙatar haske, na'urar leza kuma hazo kan makantar da ita. Wanda ya san yadda hazon hunturu ke hana jirage sauka a Kano ko Yamai ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Ƙwayar ƙura ta fi tsawon igiyar rada ƙanƙanta ƙwarai, don haka igiyar tana ratsa ta ba tare da asara mai yawa ba. Abin da rada ta rasa shi ne kaifin gani, kuma a wannan giɓi ne ragar jijiyoyi ta samu shiga.

2. Abin da ya sa ƙaramin abu ke da wuyar gani

Iyakoki uku ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da kwamfuta ta kafa. Duka daga ɗabi'ar igiya suke.

Ta farko ita ce rarrabewa ta fuskar nisa. Rada tana iya raba abubuwa biyu da ke jere a gabanta ne idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai saurin haske a raba da ninki biyu na faɗin siginar. Sigina mai faɗin gigahaz 1 tana ba da santimita 15. Radar mota mai aiki tsakanin gigahaz 77 da 81 tana ba da santimita 3.75. Radar HUSIR ta ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT a Amurka, mai faɗin gigahaz 8, lissafinta yana sauka ƙasa da santimita 2.

Ta biyu ita ce rarrabewa ta gefe, kuma a nan wahalar take. Kusurwar da rada ke iya rabawa kusan tsawon igiya ce a raba da faɗin eriya. A gigahaz 77 tsawon igiya milimita 3.9 ne. Idan faɗin eriyar santimita 5 ne, kusurwar ta kai digiri 4.5, wato a nisan mita 30 duk abin da ke cikin faɗin mita 2.3 zai dunƙule ya zama tabo ɗaya. Mu ɗauki misalin titin jirgi: eriya mai faɗin mita 1 a gigahaz 94, sigina mai faɗin gigahaz 1, nisa kilomita 1. Kowane gurbi na hoton zai kai mita 3.2 a faɗi da santimita 15 a zurfi, kusan rabin murabba'in mita ke nan. Ƙusa mai tsawon santimita 5 da kaurin santimita 2 ba ta cike ko kashi ɗaya cikin 400 na wannan gurbi ba; sauran duk kwalta ce, ita ma tana mayar da nata amon.

Tun 1951 Carl Wiley na kamfanin Goodyear ya gano hanyar kauce wa wannan iyaka: a motsa ƙaramar eriya, a tara amsa-kuwwar da ta samu a wurare daban-daban, a haɗa su da lissafi tamkar daga babbar eriya ɗaya suka fito. Wannan ne SAR. Idan kuma abin da ake kallo ne ke juyawa, radar tana tsaye, sai a kira shi ISAR, kuma da shi radar TIRA ta cibiyar Fraunhofer da ke Wachtberg kusa da Bonn a Jamus, mai eriyar mita 34, ke ɗaukar hoton taurarin ɗan'adam. A gigahaz 16.7 da take ɗaukar hoto, tsawon igiya santimita 1.8 ne. Idan tauraro ya juya digiri 5 a idon radar, rarrabewar gefe za ta kai kusan santimita 10. Ga babban tauraro wannan ya isa a ga fukafukan sola da eriyoyinsa. Ga CubeSat kuwa, gaba ɗayansa gurbi ɗaya ne.

Ta uku ita ce raunin amon da ke dawowa. Idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin amsa-kuwwa yana raguwa sau 16. Idan kuma abin ya fi tsawon igiya ƙanƙanta sosai, rage kaurinsa zuwa rabi yana rage amonsa sau 64. Saboda haka ƙaramin abu a hoton rada ɗigo ne ɗaya ko biyu, masu rauni, a tsakiyar hayaniyar na'ura da amon ƙasa. Ya kamata mu riƙe wannan siffa a zuciya, domin duk abin da zai biyo baya a kanta ya rataya.

3. Daga lissafin Fourier zuwa raga

Hanyar gargajiya ta haɗa hoto, ko ta lissafin Fourier ko ta mayar da kowane amo inda ya fito, tana da gaskiya amma ba ta da kyan gani. Kowane ɗigo mai ƙarfi yana fitowa da jeloli a gefensa, kuma jela ta farko ba ta fi desibel 13 ƙasa da ɗigon ba idan ba a tausasa siginar ba. Ƙaramin abu da ke kusa da babba sai ya nutse cikin jelar maƙwabcinsa. Idan aka tausasa don rage jelolin, ɗigon kansa sai ya yi faɗi.

An daɗe da sanin cewa ana iya tsallake iyakar rarrabewa idan an san wani abu game da abin da ake kallo tun kafin a auna. Tsarin MUSIC na Ralph Schmidt yana raba ɗigo biyu da suka matsu fiye da iyakar, muddin an san yawan ɗigogin kaɗan ne kuma siginar ta fi hayaniya ƙarfi sosai. A 2006 ayyukan Emmanuel Candès da Justin Romberg da Terence Tao, da na David Donoho, suka kafa wannan tunani a kan tushen lissafi mai ƙarfi: idan mafi yawan gurabun hoto babu komai a cikinsu, ana iya dawo da shi daga awo kaɗan. Masu rada sun rungumi wannan hannu bibbiyu, don tauraro a sarari ko jirgi a kan teku haka yake, 'yan wurare masu haske a cikin duhu. Matsalarsa ita ce jinkiri, domin lissafin yana buƙatar maimaitawa ɗaruruwan lokuta, ga kuma ma'aunai da sai ƙwararre ya saita da hannu.

Ragar jijiyoyi ta shigo ne ta ƙofofi uku. Ƙofa ta farko, wadda ta fi sauƙi kuma ta fi yawa a rubuce-rubuce, ita ce a haɗa hoto ta hanyar gargajiya sannan a miƙa wa raga ta goge shi. Galibi ana amfani da tsarin U-Net da Olaf Ronneberger da abokan aikinsa suka fitar a Freiburg a 2015 don hotunan ƙwayoyin halitta. Ta biyu ita ce a ba raga ɗanyen amo ta fitar da hoto kai tsaye, ta koyi lissafin radar da kanta daga misalai. Ta uku ita ce a gina ragar a cikin lissafin, kuma za mu dawo kanta a sashe na 5.

Aikin da ya fi jan hankali a wajen masu kallo shi ne HawkEye, na ƙungiyar Haitham Hassanieh a jami'ar Illinois, wanda aka gabatar a 2020. Sun horar da raga mai ƙirƙira, irin wadda Ian Goodfellow ya ɓullo da ita a 2014, ta karɓi tabon da radar milimita ta gani a cikin hazo ta fitar da surar mota da tsawonta da inda ta fuskanta. Aiki ne mai kyau, kuma ya dace da abin da aka yi shi dominsa. Sai dai mota babba ce, ta mamaye gurabu da yawa, kuma motocin duniya duk sun yi kama da juna.

4. Inda tsammani ke cutarwa

Malamin da ya samu tsohon rubutun ajami da gara ta ci wasu haruffansa yakan cike giɓin daga haddarsa. Idan matanin sananne ne, karatunsa zai yi daidai, har ya fi na wanda ya tsaya ga abin da ido ya gani kawai. Idan kuwa marubucin ya saka wata kalma da ba a saba gani a wurin ba, hadda ce za ta ɓatar da malamin, kuma zai karanta kuskuren da cikakken tabbaci. Haka ragar da ke goge hoton rada take aiki. Abin da awo bai kama ba, tana cike shi da abin da ta fi gani a lokacin horo.

Wannan ba aibu ba ne a karan kansa. Duk hanyar da ta taɓa tsallake iyakar rarrabewa da tsammani ta yi hakan, har da ta Schmidt da ta Candès. Bambancin shi ne tsammaninsu a rubuce yake, jimla ɗaya ce da kowa zai iya karantawa ya ce ta dace da aikinsa ko ba ta dace ba. Tsammanin raga kuwa a warwatse yake cikin miliyoyin lambobi, ba wanda zai iya karanta shi, har da wanda ya horar da ita.

Yanzu mu dubi yadda ake horon. Mafi yawan lokuta ana auna kuskuren raga ne da matsakaicin bambancin da ke tsakanin hoton da ta fitar da hoton da ake so, gurbi bayan gurbi. Hoto mai gurabu 256 a tsaye da 256 a kwance yana da gurabu 65,536. Idan abin da muke nema ya mamaye gurabu 4, kashi ɗaya ke nan cikin 16,384. Idan kuma amonsa bai fi na ƙasar da ke kewaye da shi da yawa ba, ragar da ta share shi tare da hayaniya ba ta yi asarar komai ba a ma'aunin horo. Ribar da ta samu wajen tsabtace sauran gurabun ta rufe wannan ɗan kuskure. Mu da kanmu muka koya mata cewa ɗigo ɗaya mai rauni da ke zaune shi kaɗai datti ne. A mafi yawan hotuna ma gaskiya ne, datti ne. A hoton da aka girka radar dominsa ne kawai ya zama ƙusa.

Ɗaya fuskar ita ce ƙirƙira. Raga mai ƙirƙira ana horar da ita ne ta fitar da hoton da wata raga ta biyu ba za ta iya bambanta shi da na gaske ba. Ladarta yana kan kama da gaskiya, ko da abin da ta zana bai faru ba. Idan aka nuna mata gurbi ɗaya na CubeSat bayan an horar da ita da hotunan taurari masu buɗaɗɗun fukafukai, ba abin mamaki ba ne ta zana fukafukai a buɗe. Injiniyan da ya nemi hoton don ya san ko fukafukan sun buɗe bayan harbawa, tambayar da ya zo da ita ke nan, kuma ragar ta amsa masa daga hadda.

Masu hoton asibiti sun riga mu cin karo da wannan. A 2020 Vegard Antun na jami'ar Oslo da Anders Hansen na Kambirij da abokan aikinsu suka wallafa gwajin da suka yi wa wasu sanannun ragogin haɗa hoton jikin ɗan'adam. Sun nuna cewa ɗan canji a ɗanyen awo, wanda ido ba ya gani, yana iya haifar da manyan kurakurai a hoton ƙarshe. Sun kuma nuna cewa ƙananan siffofi da aka saka da gangan suna iya ɓacewa. Har ma sun nuna cewa ƙara yawan awo wani lokaci yana lalata sakamakon wasu ragogin maimakon ya gyara. Masu shirya gasar fastMRI, ta Facebook da asibitin jami'ar New York, su ma sun ba da rahoton siffofin ƙarya a wasu hotunan da suka samu maki mai kyau. Lissafin da ke ƙarƙashin hoton asibiti da na rada dangin juna ne, don haka babu dalilin da zai sa mu ɗauka cutar ta tsaya a can.

5. Raga a cikin lissafi

A ganina ƙofa ta uku ce ta fi dacewa da ƙananan abubuwa. Asalinta aikin Karol Gregor da Yann LeCun ne na 2010. Tsohon lissafin maimaitawa yana yin abu biyu a kowane zagaye: ya ɗauki hoton da yake zato, ya lissafa amon da wannan hoto zai haifar, ya gwada da amon da aka auna, ya gyara, sannan ya mayar da ƙananan ƙimomi sifiri. Gregor da LeCun suka yanke wannan zagaye zuwa matakai ƙalilan, kowane mataki ya zama hawa ɗaya na raga, suka bar horo ya zaɓi ma'aunan da a da ake saitawa da hannu. Sakamakon ya kusanci na dogon lissafi cikin ɗan lokaci.

Amfaninsa ga rada a fili yake. Ɗanyen awo yana dawowa a kowane hawa, don haka ragar ba ta da sararin yin nisa da abin da aka auna. Lambobin da za ta koya kaɗan ne, ba ta buƙatar tulin misalai. Kuma idan ta yi kuskure, ana iya bin matakan a ga inda ɗigon ya ɓace. Ƙungiyar Xiao Xiang Zhu a jami'ar fasaha ta Munich ta yi amfani da wannan tsari a 2022 wajen raba abubuwa biyu da suka faɗa gurbi ɗaya a hotunan tauraron TerraSAR-X amma tsayinsu daga ƙasa ya bambanta, kamar bangon gini da ƙasan da ke gabansa. Ta samu rarrabewa kwatankwacin ta dogon lissafi cikin lokaci ƙasa ƙwarai.

Akwai kuma batun gaɓar igiya. Abin da rada ke aunawa a kowane gurbi lamba ce mai ɓangare biyu: ƙarfin amon, da kuma gaɓar da igiyar take a cikin kaɗawarta lokacin da ta dawo. Hoton da ake nuna wa mutum ƙarfin kawai yake ɗauke da shi. A gigahaz 77, idan abu ya gusa milimita 1, gaɓar tana juyawa kusan rabin zagaye, alhali ƙarfin bai canja ba. Ragar da aka ba hoton ƙarfi kaɗai an riga an zubar mata da mafi kaifin bayanin da radar ta samo. Akira Hirose na jami'ar Tokyo ya daɗe yana rubutu a kan ragogin da ke aiki da irin waɗannan lambobi, kuma a 2019 Jingkun Gao da abokan aikinsa a Changsha ta ƙasar Sin suka nuna cewa irin wannan raga ta fi takwararta mai lambobi na yau da kullum wajen haɗa hoton rada. Abin takaici ne cewa har yanzu ana yawan ɗauko ragar da aka gina don hoton kyamara a ɗora mata hoton rada kamar yadda yake.

Wannan hanya ma tana da nata rauni, kuma bai kamata a ɓoye ba. Matakin mayar da ƙananan ƙimomi sifiri shi ne daidai wurin da ɗigo mai rauni ke mutuwa, ko da hannu aka saita iyakar ko horo ne ya zaɓe ta. Sannan tsarin ya dogara ga sanin motsin eriya ko juyin abin da ake kallo daidai-wa-daida. Guntun tarkace da ke wulwulawa a sarari ba ya bin lissafin da aka rubuta masa. Fifikonta shi ne an san inda raunin yake, ana iya auna shi.

6. Misalan horo

A hoton kyamara akwai miliyoyin misalai. A rada kusan kowa ya dogara ga 'yan tarin bayanai, mafi shahara MSTAR, wanda hukumomin tsaron Amurka suka tara a tsakiyar shekarun 1990: motocin yaƙi iri goma, da rarrabewar santimita 30. A 2016 wata ƙungiya a jami'ar Fudan ta Shanghai ta kai kashi 99 cikin ɗari wajen gane su da raga. Daga baya bincike ya nuna cewa wani ɓangare na irin wannan nasara daga ƙasar da motocin ke tsaye a kai yake fitowa, domin hotunan horo da na gwaji a wuri ɗaya aka ɗauke su, ragar ta koyi ciyawa tare da tanka. Idan haka ta faru da abu mai tsawon mita da yawa, ina ga ƙusar da ƙasa ta mamaye gurbinta?

Mafita ta farko da ake bi ita ce kwaikwayo da kwamfuta. Manhaja irin gprMax, wadda Antonis Giannopoulos na jami'ar Edinburgh ya fara, tana lissafa yadda igiya ke ratsa ƙasa ta dawo daga abin da aka binne, kuma masu neman nakiyoyin roba suna horar da ragogi da ita. Amma tarin SAMPLE da ɗakin binciken sojan saman Amurka ya fitar a 2019, mai haɗa hoton kwaikwayo da na gaske na abu ɗaya, ya nuna yadda ragar da aka horar da kwaikwayo kaɗai ke faɗuwa idan ta haɗu da awon gaske. Mafita ta biyu ta fi burge ni. Emanuele Dalsasso da Loïc Denis da Florence Tupin a Faransa sun lura cewa dabbare-dabbaren hayaniya da ke ɓangarori biyu na lambar rada ba su dogara da juna ba, sai suka horar da raga mai suna MERLIN ta hango ɗaya daga ɗaya. Ta haka ta koyi rage dabbare-dabbare ba tare da an taɓa nuna mata tsabtataccen hoto ba, daga awon radar da za ta yi wa aiki.

A nan ne masu bincike na yankinmu ke da abin da za su bayar. Amon jar ƙasa, da na yashi a tsakiyar rani, da na kwaltar da rana ta gasa ƙura ta lulluɓe, ba ɗaya suke da na filayen da aka tara bayanan da ake yayi ba. Ruwan damina ma haka: ruwa mai zubar milimita 25 a awa yana cin fiye da desibel 10 a kowace kilomita a wajajen gigahaz 80, wato radar da ta yi maganin hazo a watan Janairu za ta raunana a watan Agusta. Ƙananan allunan rada na gigahaz 77 irin na kamfanin Texas Instruments ba su fi ƙarfin sashen injiniya na jami'a ba. Tarin awo da aka yi da kulawa, da abubuwan da aka san girmansu da wurinsu, a kan ƙasarmu da yanayinmu, ya fi wata sabuwar raga da aka gwada a kan MSTAR amfani.

7. Idan sura ta gagara

Wani lokaci hoto ba shi ne abin nema ba. A Disamba 2018 rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun sa an rufe filin jirgin Gatwick na Ingila, aka soke ko aka karkatar da kimanin jirage 1,000. Ƙaramin jirgi irin wannan da tsuntsu kusan ƙarfin amo ɗaya suke mayarwa, kuma daga nesa kowannensu gurbi ɗaya ne. Abin da ya raba su motsi ne: farfela tana juyawa da sauri a kai a kai, fiffike yana kaɗawa a hankali. Victor Chen na ɗakin binciken sojan ruwan Amurka ya shimfiɗa lissafin wannan ƙaramin motsi a 2006. Ragar da aka ba zanen yadda amon ke canjawa cikin lokaci tana aiki ne da bayanin da radar ta auna da gaske, ba a nemi ta zana surar da ba ta gani ba.

8. Yadda ya kamata a gwada

Yawancin takardun wannan fage suna kawo ma'aunan da aka aro daga hoton kyamara, masu auna kamannin hoto biyu gaba ɗaya. Sashe na 4 ya nuna dalilin da ya sa waɗannan ba sa jin ɓacewar gurabu huɗu. Masu rada suna da nasu ma'auni tun kafin a san raga: yiwuwar gano abu idan yana nan, a kan wani ƙayyadadden adadin gargaɗin ƙarya. Tun 1968 Finn da Johnson suka fitar da tsarin da ke riƙe wannan adadi a tsaye ko da amon ƙasa ya canja. Adadin yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A hoto mai gurabu miliyan ɗaya, kuskure ɗaya cikin miliyan yana nufin gargaɗin ƙarya ɗaya a kowane zagayen dubawa, kuma ma'aikacin da aka tura titin jirgi sau da yawa bai tarar da komai ba zai daina gaskata na'urar. Raga tana canja yanayin hayaniyar da ke hoton, don haka tsohon lissafin iyaka ba ya aiki a bayanta. Sai an sake auna adadin daga awon gaske na wurin da babu komai.

Gwajin da nake ba da shawara ba shi da tsada. A ɗauki ɗanyen awo na gaske, a dasa masa amon ƙaramin abu da aka san ƙarfinsa, a riƙa rage ƙarfin mataki-mataki, a ga inda ragar ta daina nuna shi, a gwada da inda hanyar gargajiya ta daina. A maimaita da abin a gefen wani babban abu. A maimaita da siffar da ba ta cikin misalan horo ko kaɗan, kuma a kan ƙasar da ragar ba ta taɓa gani ba. Daga nan a ɗauki hoton da ta fitar, a lissafa amon da zai haifar, a cire shi daga amon da aka auna: idan abin da ya rage ya fi hayaniyar na'ura, ragar ta jefar da wani abu, kuma wurin da ragowar ta taru shi ne wurin da za a duba. Wannan mataki na ƙarshe bai kamata ya tsaya a ɗakin gwaji ba. Lissafinsa ba shi da nauyi, ana iya yin sa a kan kowane hoto yayin da na'urar ke aiki, a nuna wa ma'aikaci taswirar ragowar a gefen hoton da aka goge, tare da ɗanyen hoton gargajiya na wannan gurbi duk lokacin da biyun suka saɓa.